Kwaltar fili ta tsattsage a Legas: roba mai zafi za a zuba, ko kwaltar ganga ta wadatar?

Tambayar daga wani Alhaji ce da ke kula da filin sauke kaya a Agege, inda manyan motoci ke shigowa da hatsi da wake daga Arewa. Ya ce kwaltar filin ta kwana biyu, yanzu ta fara tsattsagewa, wasu wuraren har ciyawa ta tsiro. 'Yan kwangila biyu sun zo sun duba. Na farko ya ce zai narka kwalta a ganga ya bi tsage-tsagen ya cike. Na biyu ya ce robar nan da ake narkawa a tukunya ta musamman ita ce magani, kuɗinsa kuwa ya yi wa na farkon nisa. Alhaji na son sanin wanda zai bi, ko aikin na da ƙarko, ko yaransa za su iya yi da kansu, da kuma lokacin da ya dace a yi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mai robar ya fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi robar kanta nauyi. Tsagar ta kasance irin wadda ake cikewa, ƙasar da ke ƙarƙashinta na nan da ƙarfinta, sannan ranar da za a zuba a same ta a bushe ƙayau. In ɗaya ya ɓaci cikin ukun nan, ko robar da ta fi kowacce tsada aka zuba, kuɗi kawai aka binne. Don haka kafin mu zo kan wane ɗan kwangila, bari mu fara da filin.

Ba kwalta ke ɗaukar nauyin tirela ba. Abin da aka shimfiɗa a ƙasa ne ke ɗauka, wato marmarar da aka daɓe da rola, da niƙaƙƙen dutsen da ke kanta. A manyan titunan gwamnati akan zuba kwalta hawa biyu, ta ƙasa wajen milimita 60, ta sama wajen 40. A filayen 'yan kasuwa kuwa yawanci hawa ɗaya ake yi, santimita huɗu ko biyar, a ce an gama. Babban aikin wannan shimfiɗa shi ne hana ruwa sauka ƙasa. Matsayinta ɗaya da yaɓen rufin soro a gida: azara ce ke riƙe da rufin, amma mai gida ya san in bai hau ya bi tsage-tsagen da yaɓe kafin ruwan fari ba, azarar ce za ta ruɓe.

Da ruwa ya sami tsaga ya sauka, marmara ta jiƙe ta yi laushi. Tirela ta taka, kwalta ta ɗan lotsa, ruwan ya matso sama ɗauke da lallausar ƙasa. Mota ta wuce, ya koma. A haka a haka ƙarƙashin kwaltar ke zama kogo ba tare da kowa ya gani ba, sai wata rana a wayi gari da rami. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu ke nan na abin da Kano ke samu, ga shi yana ɗaukar watanni da yawa ana yi. Tsagar da za ta shekara uku a Kano ba ta zama komai ba, a nan damina ɗaya ta ishe ta.

Ka ɗauki alli ko fenti, ku zaga filin da safe bayan an yi ruwa, ko a watsa ruwa da tiyo a bari ya fara tsanewa. A lokacin ne kowace tsaga ke bayyana, don saman kwalta ya bushe ita kuwa tana nan da duhunta. Za ka ga iri-iri. Akwai doguwa miƙaƙƙiya wadda ke bin inda shimfiɗa ɗaya ta haɗu da ɗaya ranar da aka zuba kwaltar. Akwai mai ratsawa ta gicciye. Akwai masu yanka filin manyan gida-gida, mita ɗaya ko biyu kowane gefe, alamar kwalta ta tsufa rana ta shanye man da ke jikinta. Akwai kuma wadda ke bin layin da aka taɓa haƙawa aka binne bututun ruwa ko wayar wuta aka mayar da faci, wannan kam ba filin da babu ita a Legas. Duk waɗannan abincin roba ne, muddin faɗinsu na tsakanin milimita 3 da 25. In bakin makulli ba ya shiga, ta yi ƙanƙanta, roba ba za ta sauka ciki ba. In babban yatsa na shiga har da saura, ta wuce aikin roba ita kaɗai, sai faci ko haɗin da ke da tsakuwa a ciki.

Wadda nake so ka sa wa ido sosai ita ce mai kama da fatar kada, ƙananan tsage-tsage sarƙe da juna, yawanci a daidai inda tayoyi ke bi ko inda mota ke tsayawa a sauke kaya. Wannan ba ciwon sama ba ne. Ƙasa ce ta gaza, kwaltar ta yi ta lanƙwasa har ta karairaye. Duk ɗan kwangilar da ya ce zai malala roba a kanta, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana son mitocinsa su yi yawa. Maganinta a yanke wurin da injin yanka kwalta, a fita kaɗan zuwa inda ke da lafiya, a kwashe har sai an tarar da ƙasa mai ƙarfi, a mayar da dutse a daɓe, a shafa kwaltar ruwa a gefuna, a zuba sabuwa. Haka ma in ka ga jar ƙasa ko farin gari na fitowa ta bakin tsaga bayan ruwa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wurin na motsi in mota ta taka. A nan ka yi sa'a kaɗan, don Agege da Ikeja tudu ne, ƙasarsu na da jiki. Da a ce filin na Apapa ne ko Ijora, ko can Lekki da Ajah inda da yashi aka cike fadama aka yi gini, ruwan ƙasa na kusa ƙwarai, kuma yawancin tsagewar can daga zaman ƙasa take, roba ba ta hana ƙasa zama.

Ka kuma leƙa lambatun filin. In ya toshe da leda da robobin ruwa, ruwa na kwana a gefen kwalta, to ta gefe yake shiga, ko an rufe kowace tsaga ta sama. A yashe shi tukuna.

Yanzu kwaltar ganga. Wadda aka fi samu a ƙasar nan ita ce mai lamba 60/70, kuma kwalta ce mai kyau a wurinta, wato in an gauraya ta da tsakuwa da yashi a masana'anta. Ita kaɗai kuwa tana fara laushi tun zafi na wajen digiri 50. Saman baƙar kwalta da tsakar rana a watan Fabrairu ko Maris yana wuce haka a Legas. Sai ka ga abin da aka zuba ya narke, taya ta ɗauke shi ta shafa a ko'ina, saura ya zurare ƙasan tsagar, baki ya sake buɗewa. Ga kuma yadda ake narka ta: a ɗora ganga a kan itace, wuta na cin gindinta kai tsaye, ta ƙasa ta ƙone ta sama ba ta gama narkewa ba. Ƙonanniyar kwalta in ta huce ƙandarewa take, ta fashe da wuri. Mafi muni shi ne abin da leburori ke yi don ta yi saurin zuba, su tsiyaya mata kananzir ko dizal. Dizal kuwa shi ne abin da ake wanke kwalta da shi daga jikin shebur. Ka zuba shi a tsaga, gefunan da kake son ceto su ne za su fara rugurgujewa. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu, a nan ma har ɓarna take ƙarawa.

Robar da ɗan kwangila na biyu ke magana a kai ita ma asalinta kwalta ce, amma an haɗa ta a masana'anta da sinadaran roba, sau da yawa har da garin tsofaffin tayoyi da aka niƙa lilis. Tana zuwa a dunƙule cikin kwali, kowane kwali wajen kilo 13 zuwa 14, naɗe da siririyar leda wadda ake jefawa tukunya tare da ita. In ta huce tana miƙewa ta dawo, tana manne wa gefen tsaga, kuma ma'aunin da Amurkawa suka kafa mata, mai lamba ASTM D6690, ya shar'anta kada ta fara laushi ƙasa da digiri 80. Tazarar da ke tsakanin 50 da 80 ɗin nan ita ce kuɗin da kake biya. Akwai masu cewa ai sai a yayyanka tsohon tif ko taya a jefa cikin gangar kwalta a sami abu ɗaya. Ba a samu. Robar taya an riga an gasa ta, ba ta narkewa a haka, hayaƙi kawai za a sha.

Sai dai ba kowace roba ce ta dace da mu ba. Ma'aunin nan ya kasa ta gida huɗu, kuma uku daga ciki ana gwada su ne a sanyin digiri 29 ƙasa da sifili, don ƙasashen ƙanƙara aka yi su. Irin waɗannan suna da taushi, don su iya miƙewa in sanyi ya ja kwalta ta buɗe. A Legas taushin nan aibi ne. Abin da kake nema shi ne mai ɗan tauri, wadda aka rubuta a kwalinta cewa ta wurare masu zafi ce ko ta filin ajiye motoci, inda taya ke murzawa a tsaye. Ka ce ɗan kwangila ya kawo kwalin ka gani da idonka, da takardar bayanin da ke zuwa da kayan. Daga waje ake shigo da ita, kuɗinta na bin dala, saboda haka akwai mai zuwa da kwali biyu na gaske a nuna wa mai fili, a cike sauran tukunyar da 60/70. Ka sa yaronka ya tsaya a bakin tukunya yana ƙirga kwalayen da ake buɗewa.

Shi aikin kansa, kashi mafi girma ba zubawa ba ne, shara ce. In akwai ciyawa a fesa mata magani mako ɗaya ko biyu kafin ranar, a tumɓuke har saiwa. A bi tsagar da ƙugiyar ƙarfe da buroshin waya a fito da ƙasa da tsakuwar da ta saki. Sannan a hure da iskar kwamfaresa mai ƙarfi, wajen "bar" 6 zuwa 7 a ma'aunin matsin iska. A nan akwai wani abu da mutane ke mantawa. Iskar Legas cike take da danshi, kwamfaresa na tara ruwa a tankinsa, tsoho kuma har mai yake fesowa. A gwada a hura a kan farin ƙyalle. In ya jiƙe ko ya yi tabo, to da hannunka kake shafa wa tsagar abin da zai hana roba kamawa. A sa masa matatar ruwa da mai, a riƙa tsiyaye tankin. Injin hura ganye da ake goyawa a baya yana share sama ne kawai, ba ya isa ciki.

Bushewa ita ce inda ayyuka da yawa ke mutuwa a garin nan. Saman kwalta kan bushe cikin awa ɗaya bayan ruwa, amma cikin tsaga na iya kwana biyu ko uku da laima. Roba mai zafin kusan digiri 200 in ta sauka a kan laima, ruwan ya zama tururi nan take, ya taso ya huhhuda ta. Da ido za ka ga ta kwanta lafiya, amma ba ta kama ba, taya ta farko ko ta goma za ta ɗago ta. Masu aikin na gaske suna da sandar wuta mai haɗa iskar gas da iskar kwamfaresa, tana hurawa tana busarwa tana ɗumama gefuna lokaci guda, mai zubawa na biye da ita a baya cikin 'yan mintoci kafin wurin ya huce. Mai riƙe da sandar ya riƙa tafiya, kada ya tsaya. In kwalta ta ɗan yi duhu, daidai ne. In ta yi hayaƙi tsakuwa ta fito fara, ya ƙona ta. Kana iya gwada laimar da kanka: shimfiɗa farar leda a kan tsagar, a danne gefunanta, a bar ta a rana na 'yan awoyi. In gumi ya taru a ƙarƙashinta, a ƙara haƙuri. Kada kuma a fara da sassafe, raɓa na sauka sosai a nan, a bari sai hantsi ya ɗaga.

Za a iya kawo maka maganar injin da ke bin tsaga yana faɗaɗa ta, ya yanka mata ɗan kwari mai faɗi da zurfin milimita 12 zuwa 19, don roba ta sami wurin zama da sabon gefe mai tsabta. A Turai da Amurka wannan na da matuƙar amfani, don tsakanin sanyi da zafinsu tsaga na buɗewa da rufewa milimita uku ko fiye. Ko a Sakkwato da Kano, inda daren hunturu ke sauka ƙasa sosai bazara kuma ta haura digiri 40, zan ba da shawararsa. A Legas zafin shekara bai cika fita daga tsakanin ashirin da 'yan kai zuwa talatin da 'yan kai ba, tsaga ba ta numfashi da yawa. Ra'ayina, a yi yankan ga siraran da ba su kai milimita 6 ba, waɗanda roba ba za ta shiga sosai ba sai an buɗe su, in kuma kwaltar na da sauran ƙarfi. In ta tsufa tana marmashewa, injin zai fasa fiye da abin da zai gyara, a bar shi.

Tsagar da ta yi zurfi ba a cika ta da roba tun daga gindi. A zuba busasshen yashi, ko a cusa igiyar da aka yi don jure zafi, har a bar wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu daga sama. Na ce busasshe, don yashin da tifa ke kawowa a Legas daga ruwa ake haƙo shi, a jiƙe yake zuwa. A shanya shi tukuna. Soson katifa ko tsumma ba su da wuri a nan, narkewa suke.

Tukunyar da ake narka robar biyu ce a haɗe, ɗaya cikin ɗaya, da mai a tsakaninsu. Wuta na dafa man, man na dafa robar, ga kuma abin motsawa a ciki yana juyawa. Hikimar ita ce kada wani ɓangare ya ƙone. Yawancin irin wannan roba ana zuba ta ne tsakanin digiri 190 da 200, kuma iyakar da ba a so a tsallake tana wajen 204, amma abin da ke rubuce a kwali shi ne alƙali. Dubi yadda tazarar take ƙanƙanuwa. In ba ta kai ba, ta yi kauri, ta tsaya a baki ba ta sauka ba. In ta wuce, sinadaran robar sun mutu, ta tsinke ko ta dunƙule, kuma ba ta dawowa. Haka in aka bar ta a kan wuta tun safe har dare, gobe a sake ɗumamawa, jibi a sake. Ɗan kwangilar da ya zo ba ma'aunin zafi, ya ce da ido yake ganewa, ka sallame shi da girma da arziki. Akwai ma'aunin hannu da ake nunawa daga nesa, siffarsa irin ta wanda aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona, amma na masana'antu, don na asibitin bai san zafin da ya wuce na jikin mutum ba. Akwai ƙananan tukwane masu taya da wuta ke taɓawa kai tsaye, suna aiki a ƙaramin fili, amma sai da robar da aka rubuta an yi ta don irinsu, kuma sai an riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa.

Wajen zubawa, bakin bututu ya shiga cikin tsagar, a cika daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. Wani na biye da abin shafewa mai baki kamar harafin V ko U, yana kwantar da ita ta zama ɗan ɗamara a kan tsagar, faɗin santimita 5 zuwa 10, kauri kada ya wuce milimita 2 ko 3. Mai fili kan ji daɗi in ya ga baƙin layi mai faɗi da tudu, yana ganin an cika masa kaya. Wannan tudun shi taya ke kamawa. A mashigar ƙofa da duk inda tirela ke karya kwana, inda tayoyin baya ke jan ƙasa ta gefe, ni cewa nake a shafe ta daidai da fuskar kwalta, ɗamarar ta zama siririya iya yadda za a iya. Da an gama a barbaɗa garin dutse ko lallausan busasshen yashi a kai don kada ta manne wa taya. Ƙananan motoci na iya bi bayan kamar rabin awa in ta huce. Manyan kuwa, da ni ne, sai washegari. A raba filin biyu, a yi rabi yau rabi gobe, kasuwa ba ta tsaya ba.

Ga lissafin da zai taimake ka ka gane ko kayan da aka rubuta maka sun yi daidai. Tsaga mai faɗin milimita 12 da zurfin 12 tana cin wajen kashi ɗaya cikin bakwai na lita a kowace mita. Ɗamarar sama mai faɗin santimita 7 da rabi da kaurin milimita 2 na cin kusan haka ita ma. A haɗe, kusan kashi uku cikin goma na lita ke nan, kuma lita ɗaya ta robar ta ɗan fi kilo ɗaya nauyi. Mita 100 za ta ci wajen kilo 35, kwali uku ke nan da ɗan rara don abin da zai zube. In an ce maka kwali ɗaya zai yi mita 200 na irin wannan tsagar, shafa za a yi ba cikawa ba.

Batun yaranka su yi da kansu: sharar, cire ciyawa, yashe lambatu, barbaɗa garin dutse, tare motoci, duk za su iya, kuma hakan zai rage maka kuɗi in kun yi yarjejeniya da ɗan kwangila. Tukunya da bututu kuwa a bar wa wanda ya saba. Abu ne mai zafin da ya ninka tafasasshen ruwa, kuma in ya taɓa fata mannewa yake ya ci gaba da ci. Ruwa kaɗan in ya faɗa tukunya yana kumbura kusan sau 1,700 in ya zama tururi, sai robar ta yi tsiri ta fallatso. Don haka ba a jefa jiƙaƙƙen dunƙule, ba a barin murfi a buɗe in hadari ya haɗo. Mai aiki ya sa doguwar riga mai kauri, safar hannu ta fata, takalmi rufaffe, da abin kare fuska, ba silifas da singileti ba kamar yadda ake gani a bakin titi. A ajiye tukunyar kashe gobara kusa, a nisanta wutar da buhunan kaya da motocin da ke ɗauke da mai. In tsautsayi ya faɗa ta zubo wa wani, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na aƙalla minti 20, kada a ɓamɓare robar, kada a shafa fetur ko kananzir ko man goge baki, a wuce da shi asibiti a haka. In filin ƙarami ne kuma dole sai yaranka, akwai ta ruwa da ake zubawa da sanyi daga jarka. Ba ta kai mai zafi ƙarko ba, shekara ɗaya ko biyu ne, amma ba ta ƙona kowa, kuma ta fi kwaltar ganga da kananzir nesa ba kusa ba.

Lokaci kuwa ruwa ne ke yanke shi. Daminar Legas na kankama daga wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Lafawar Agustan nan na yaudarar mutane. Sama ta ɗauke amma ƙasa cike take da ruwa, rana kuma ba ta da ƙarfi, sai dai a yi gyaran gaggawa. Lokacin aikin shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, musamman kwanakin da iskar hunturu ta leƙo ta busar da gari. Daga Maris hadari na iya tasowa kowane lokaci. In tambayar nan ta same ka cikin damina, ka yashe lambatu, ka yi facin ramukan da suka buɗe, ka shata tsage-tsagen da fenti, ka jira rani.

In an yi shi yadda ya kamata a kan ƙasa mai ƙarfi, shekara uku zuwa biyar abu ne da ake samu. Ba ya mayar da tsohuwar kwalta sabuwa, kuma sababbin tsage-tsage za su fito a wasu wuraren, don haka kowane rani a sake zagawa da alli. Abin da zai gajarta masa kwana a irin filinka shi ne dizal da baƙin mai da ke ɗiga daga motocin da ke kwana, don suna cin roba kamar yadda suke cin kwalta. Sai kuma ƙafafun ƙarfen da ake jingine bodin tirela a kai in an cire kan mota, waɗanda ke nutsewa cikin kwalta da rana. Wuraren nan biyu, inda ake tsayawa a sauke kaya da inda bodi ke zama, in hali ya samu a mayar da su kankare ko intalok mai kauri. Dalilin da ya sa ke nan aka sake gina titin Wharf na Apapa da kankare, haka ma babban titin Apapa zuwa Oshodi da kamfanin Dangote ya yi: nauyi mai tsayawa wuri ɗaya da mai mai ɗiga ba abokan kwalta ba ne. In kuma kana da niyyar shimfiɗa sabuwar kwalta a kan filin gaba ɗaya nan kusa, ka gaya wa ɗan kwangila tun yanzu. Zafin sabuwar shimfiɗa na narka robar da ke ƙasa ta kumburo ta yi tudu a ƙarƙashin rola, saboda haka ko dai a bar watanni da dama tsakani, ko a zuba robar ta tsaya ƙasa da fuskar kwalta kaɗan ba tare da ɗamara ba.

Wajen ciniki, a yi shi da mita, ba da ido ba. Ku auna tare da tef kafin a fara, a rubuta mitocin da za a zuba wa roba daban, wuraren da za a yanke a yi faci daban, a rubuta sunan robar da adadin kwalaye. Ranar farko a yi mita goma na gwaji a bari ta huce, ka sa bakin sukundireba a gefe ka ɗago ka ja. Mai kyau za ta miƙe ta yi ta gardama har ta tsinke, ko ta taho da 'yan tsakuwa manne a jikinta. In ta ɓare salin alin, ƙasanta da ƙura ko sheƙin laima, a tsayar da aikin a koma kan shara da busarwa. Ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin da kuka amince da shi tun farko, a rubuce, sai ƙarshen Yuli, ku sake zagawa tare ku ga inda ta ɗago, ya gyara sannan ya karɓi cikonsa.